Hasken da Na Ce Babu Shi

Ni ne na yi kuskure. Na fara da wannan don kada mai karatu ya kai tsakiya ya ɗauka ina neman wanda zan ɗora wa laifi. An ci amanarmu a Abijan, kuma zan faɗi wanda ya ci ta, amma ni na buɗe masa ƙofa da bakina, da ɗan karatun lakwal, wato boko, da nake taƙama da shi. Sunana Shaibu, daga Barmu a ƙasar Adar. Aji shida na yi na bari. Wanda kuskurena ya faɗa wa shi ne yayana Asumane, wanda nake bi, mutumin da ya shekara goma sha ɗaya yana sayar da abincin garba a Abijan yana ciyar da gidanmu, har da matarsa da ƴarsa da ke Barmu.

Shirunsa ne ya tayar da ni. Asumane ba ya bari Juma'a ta wuce bai kira Inna ba. Sai aka yi wata biyu babu kira, in mun kira kuma ya ce "lahiya lau" ya kashe. Da aka gama girbi Inna ta ce in je in gano mata ɗanta, in na samu abin yi can kuma in kama.

A tashar Wagadugu aka fara koya mini hanya. Wani mutum mai farar riga a goge, da kati rataye a wuya, ya zo yana duba takardun fasinja. Faransancinsa mai laushi ne, har "mon frère" yake ce mini. Ya ce katin rigakafina ba shi da hatimin da ake so a iyaka, in ba shi ya kai ofis yanzu ya dawo. Na ba shi, tare da abin da ya ce na hatimi ne. Mota ta tashi ban sake ganinsa ba. A iyakar Kodebuwa aka sauke ni, aka zaunar da ni a rana, aka sake yi mini allurar da na riga na yi a Tawa. Direba ya so ya tafi ya bar ni. Wata mata mai fataucin atamfa, wadda ban taɓa yi wa magana ba, ta sa ƙafa ɗaya a matakin mota ɗaya a ƙasa, ta ƙi shiga ta ƙi fita har na fito. Da na zauna ta ce mini "yako", wato sannu a bakinsu, ta miƙo mini soyayyar ayaba a cikin takarda. Na ci ayabarta, amma darasin da na ɗauka a ranar na mai farar riga ne. Na ƙudurta a raina cewa duk wanda ya yi mini Faransanci mai laushi macuci ne, ɗan gida kaɗai ne abin yarda.

Daga Buwake zuwa gaba itatuwa suka rufe hanya. A Adar kana hango mutum tun yana ɗan baƙi a kan tudu, ka san ko wane ne kafin ya iso. A can ba na ganin komai sai ganye, iska kuma jiƙe take kamar numfashi. Furar Inna kawai nake tunawa.

A Ajame, babbar tashar Abijan, Alhaji Nomau ne ya tarye ni da kansa. Ɗan Barmu ne, abokin marigayi mahaifinmu Illa, tare suka yi kiwo suna yara. Shi ne mai masaukin mutanenmu a unguwar Abobo. Duk wanda ya zo daga gida a gidansa yake sauka, shi ke nema masa wurin sana'a, shi ke zuwa in an kama mutum. Ya rungume ni yana cewa, "Ɗan Illa! Wallahi kamar ubanka nika gani. Ka iso gida." Na ji hawaye sun zo mini.

Na tarar da Asumane a ɗakin ƙurya, kwance, fuskarsa na kallon bango. Ya rame, gemunsa ya cukurkuɗe. Jikinsa babu zafi.

"Yaya, ni na, Shaibu."

"Ka taho?"

"Inna na gaishe ka. Ina ka yi maka ciwo?"

Ya ce, "Ba inda ka ciwo. Komi na yi min nauyi, har buɗe ido."

Mutanen gidan kowa da nasa bayani. Wasu sun ce jifa ne daga masu hassadar rumfarsa, wasu sun ce iska ce. An yi masa rubutu, an yi hayaƙi. Rumfar kuwa abin hassada ce da gaske. Tana bakin tashar ƙananan motoci, inda ma'aikata ke sauka da rana. Garba abinci ne na garin rogo da aka turara, da soyayyen kifi da barkono da albasa, kuma mutanenmu ne suka fi sayar da shi a Abijan. Rumfar ta yi wata guda a rufe. Alhaji ya ce in buɗe ta kafin wani ya sa ido. Na buɗe, na ƙona kifi kwana uku, a na huɗu na gane hannun mai. Ban taɓa riƙe abin da ake layi dominsa ba sai a nan, kuma abin ya yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata.

Wata rana wata mata mai suna Ajuwa ta zo cin abinci, ta ɗanɗana ta dube ni ta ce wannan ba hannun Asumane ba ne, ina yake? Ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti, ta shekara tana cin garbarsa. Da na gaya mata, ta biyo ni har Abobo bayan ta tashi aiki, ta zauna a bakin tabarmarsa ta yi masa tambayoyi a hankali. Washegari ta kai mu wurin likitar da take aiki tare da ita, likitar ciwon damuwa da abin da ya shafi tunani.

Likitar mace ce mai furfura kaɗan da tabarau. Ta yi kusan awa guda da Asumane su kaɗai, sannan ta kira ni. Ta ce ciwon yayana sunansa "dépression", ciwon damuwa, ba hauka ba ne, ba kuma rashin imani ba ne, ana warkewa amma a hankali. Ta ba shi ƙwaya ɗaya kowace safiya, ta ce kada a tsayar da ita sai da saninta, kuma zai riƙa zuwa suna magana. Sai ta nuna mana wata farar hula mai kama da kaske na masu babur, da waya ta haɗa ta da wani ƙaramin akwati. Ta ce wannan sabon abu ne da ake kan gwadawa. A cikin hular akwai ƙananan fitilu masu fitar da wani haske da ke ratsa fata da ƙashin goshi, kaɗan daga cikinsa ya kai gaban ƙwaƙwalwa. Wasu sun ce sun ji sauƙi, wasu ba su ji komai ba. Ta ce ba za ta yi mana alkawari ba, kuma hular ba ta maye gurbin ƙwaya. In Asumane ya yarda za ta sa shi cikin waɗanda take gwadawa, ba sai ya biya ba. Ya yarda, ya sa hannu. A takardar da ta ba mu na ga sunan hasken: infrarouge.

Sau uku a mako nake raka shi da sassafe kafin in kunna wuta a rumfa. Yakan zauna a kujera, Ajuwa ta ɗora masa hular, ta danna akwati, wani ɗan ɗigo kore ya kama a jikin akwatin, shi ke nan. Minti ashirin yana zaune ni ina kallo. Ina leƙa ƙasan hular ta gefen kunnensa, ban taɓa ganin haske ba. Ya ce ɗan ɗumi kawai yake ji a goshi.

A mako na huɗu ya yi wanka ba tare da an ce ya yi ba. A na biyar ya biyo ni rumfa, ya zauna a benci, ya ce mini, "Mai ya yi zahi da yawa, rage wuta." Na rage. Ya kamata in yi murna, kuma na yi, amma kishi ya kama ni da na ga masu saye sun kewaye shi suna "Asumane ya dawo". Har yau ban san ko ƙwayar ce ta taimake shi, ko maganar da suke yi, ko hular, ko duka. Abin da na sani shi ne yana dawowa.

A ranar da yamma muna shan shayi a ƙofar gida da Alhaji Nomau, na so in nuna masa na yi lakwal. Na fito da takardar na ce, "Alhaji, wani abu na damuna. Nan an rubuta infrarouge. Rouge ja na da Faransanci, ko ɗan aji ɗaya ya san haka. To ni wata guda ina kallon hular ga, ban ga ja ba, ban ga hwari ba. Ba ta haske ko kaɗan."

Alhaji ya ajiye kofi. "Ba ta haske?"

"Ko kaɗan."

"Kai ka gani da idonka?"

"Da idona."

Ya girgiza kai. "Ɗan Illa, ni ban yi lakwal ba, kai ka yi. Amma na shekara talatin garin ga. Ka taɓa ganin an ba baƙo abu kyauta nan? Sun sa shi ya sa hannu ga takarda. Ƙwayar nan ita suka gwadawa bisa gare shi, hular kau don ku yi shiru ta. In sunka gama da shi su jefar, su ɗauki wani." Ya matso kusa, ya rage murya. "Kuma ka san an hwara magana? Wani ya kira gida ya ce ɗan Illa na zuwa wurin lokotoron mahaukata. Kai ba ka yi aure ba tukuna. Ka yi tunani."

Na yi tunani, irin tunanin da yake so in yi. Kafin mu tashi ya ƙara da cewa in ma Asumane ya je gida ya huta wata biyu, rumfar ai ba ta da wani magaji sai ni, shi zai tsare mini ita. Wannan maganar ban gaya wa kowa ba, na ajiye ta a inda take yi mini ɗumi.

Washegari na yi abin da nake jin kunyar rubutawa. Ajuwa na ɗora wa Asumane hular na fizge ta, na juya cikinta na ɗaga sama a gaban masu jira. Na yi ta ihu da gurguwar Faransancina, ina cewa ina jan, ina hasken, ku ɓarayi ne. Likitar ta fito daga ofishinta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wannan hasken ido ba ya ganinsa, ta ce in ba ta salulata, wato wayata ta hannu, minti ɗaya ta nuna mini wani abu. Da laushi ta yi maganar, kuma laushin ne ya ƙara tunzura ni, don na tuna mai farar riga na Wagadugu. Na ce ba za ta taɓa salulata ba, na san za ta ɗauki lambata ta kira mini ƴan sanda. Na kama hannun Asumane na ja shi. A bakin ƙofa ya tirje kaɗan ya ce, "Shaibu, ina jin sauƙi hwa." Na ce, "Sun rufe maka ido na, Yaya, taho." Bai da ƙarfin gardama. Da muka isa Abobo na ɗauki kwalin ƙwayoyin na zazzage su a kwata, Alhaji yana tsaye yana kallo.

Bayan kwana biyu Alhaji ya kawo wani mutum da jaka. Ya ce wannan ya yi aiki da Turawa, yana da hula ta gaskiya. Mutumin ya fito da baƙin kaske, ya haɗa shi da batir, sai cikinsa ya kama da ja, ja ƙwarai, yana walƙiya yana ɗaukewa, har bangon ɗakin ya yi ja. Mutanen gida suka taru a ƙofa suna salati. Wani ya ce, "To wanga shi na aiki!" Ni kuwa ƙirjina ya cika, na dubi Alhaji, ya gyaɗa mini kai. Na ce a raina yanzu na ceci yayana, kuma karatuna ne ya cece shi.

Kwana uku da tsayar da ƙwayar Asumane ya fara jiri da amai. Mai jaka ya ce ciwon ne ke fita. Bayan mako biyu ya daina zuwa rumfa, bayan uku ya koma kallon bango, ya fi yadda na same shi. Ina ɗora masa jan kaske safe da yamma, yana zaune kamar an dasa shi, gumi na gangaro masa. Wata safiya da na cire masa ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Na gaji da rayuwa, Shaibu. In da za ta ƙare yau da na gode." Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na ruga wurin Alhaji.

"Kai shi gida," in ji shi. "Iskar gida da addu'ar uwa. Garin ga ya ƙi shi. Ni zan yanka muku tikiti, ku tahi da kasken ma, na ba ku. Ka kai shi ka dawo, rumfarka na nan."

Na durƙusa na yi masa godiya. Na ce Allah ya saka masa, ya yi mana abin da uba zai yi.

Hanyar dawowa ban tuna ta da kyau ba, don idona na kan Asumane. Ko bayi zai shiga a tasha sai na tsaya a ƙofa. Bai ci komai ba sai ruwa da rabin biredi. Da muka wuce Doso ƙasa ta buɗe, na ce masa, "Yaya, dubi, mun kusa." Bai ɗaga kai ba. A Barmu Inna ta fito da gudu, ta gan shi, ta tsaya cik. Ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta kama hannunsa ta shigar da shi ɗaki, sannan ta fito ta tambaye ni me aka yi wa ɗanta. Na ce wata likita ce ta yi gwaji a kansa, Alhaji Nomau ne ya ƙwato shi. Haka na faɗa wa duk wanda ya zo gaisuwa.

Kwana goma da dawowarmu kasken ya daina kamawa. Na sa shi a buhu na hau mota zuwa birnin Tawa, wurin wani mai gyaran rediyo da salula a bakin kasuwa, Agali, Buzu ne mai rawani da ƙaramin tabarau a kan hanci. Na ce masa ya yi a hankali, na'urar asibiti ce daga Abijan, ta maganin ƙwaƙwalwa. Ya kwance soson ciki, ya leƙa, ya sake leƙawa, sai ya fashe da dariya har ya ajiye sukundireba.

"Ba'adare, wa ya sayar maka da wanga?"

"Ba ni anka yi. Infrarouge na."

"Infra mi? Wanga fitilun ado na, waɗanda samari ka liƙa wa babur. Ga irinsu can rataye, ka ga? An manna su da gam. In ƙwaƙwalwa taka warkewa da su, da duk ƴan kabu-kabun Tawa sun zama malamai."

Na ce to ai ja ne, kuma rouge ja ne. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Ka karanta rabin kalma ka bar rabi. Infra hwa? Ƙasa da ja ke nan, inda idon mutum ya ƙare. In ka gan shi ja, to ba shi na ba. Kawo salularka."

Ya ɗauki abin canza tashar talabijin, ya nuna mini kansa, ya danna. Ban ga komai ba. Ya buɗe kyamarar salulata, ya saita ta a kan abin, ya sake dannawa. A cikin gilashin salula na ga wani ɗan haske mai ruwan shunayya yana ƙyaftawa. Ya saki, ya ɓace. Ya danna, ya dawo. Na ɗaga ido na dubi abin da idona, babu komai. Na koma gilashi, yana nan.

"Ka gani? Ido bai gani, kyamara na gani. Kai, lahiya? Zamna, zamna ga kujera."

Na zauna. Abin da likitar ta so ta nuna mini ke nan da ta ce in ba ta salula minti ɗaya. Agali ya daina dariya, ya zuba mini shayi, na ba shi labarin duka. Bai zage ni ba. Ya ce shi bai san ko hular asibitin tana magani ba, wannan aikin likitoci ne, amma ƙwayar da na zubar ita ce abin tsoro, in tashi yanzu in je babban asibiti in tambayi ɓangaren masu ciwon damuwa, kada in kwana.

Kafin in je na tsaya a gindin wata bishiyar bedi na kira Alhaji Nomau. Sai a kira na uku ya ɗauka. Ina jin ƙarar mai a kasko a bayansa, da hayaniyar tashar da na sani.

"Alhaji, kasken ga na ƙarya na. Fitilun babur na."

"To? Ni na san fitila? Kai ka ce kana son ja, anka kawo maka ja."

"Kai ka ce likita na cutarmu."

"Ni na ce ka zubar da magani? Ni na tahi asibiti na yi ihu? Kai ka yi lakwal, ɗan Illa, ni bin ka niy yi."

Na ce, "Rumfar hwa? Ina son in dawo bayan sati biyu."

"Wace rumfa? Wuri bai zama banza garin ga. Ƙanen uwargida na riƙe da ita tun randa kunka tashi. Ka zamna ka yi jinyar ɗan'uwanka, shi ya fi maka. Ka gaida Inna."

Ya kashe. Na tsaya da salula a hannu, kuma abin da ya fi ƙona ni shi ne, a cikin duk abin da ya faɗa babu ƙarya ko ɗaya game da ni. Mutumin da ya yi kiwo da mahaifinmu ya ga ɗan abokinsa na tashi daga ciwo, ya lissafa cewa in ya tashi zai koma rumfarsa, sai ya nemi hannun da zai mayar da shi ƙasa. Bai sha wahalar nema ba. Ina zaune kusa da shi ina shan shayinsa. Har a wannan kiran, da yayana kwance a Barmu yana roƙon mutuwa, sai da na tambayi rumfa.

A asibitin Tawa na samu wani ma'aikacin lafiya, mutumin Damagaram da aka turo aiki. Na nuna masa tsohuwar takardar Abijan. Ya ce in kawo Asumane gobe, kada a bar shi shi kaɗai ko na awa ɗaya. Na tambaye shi ko suna da hular. Ya ce ya ji labarinta amma babu ita a nan, kuma ko inda take gwaji ake yi, abin da suke da shi shi ne magani da zama a saurari mutum. Na kawo shi. Aka sake farawa daga farko, kuma wannan karon ya fi daɗewa. Duk rani muna hanyar Barmu da Tawa. Sai da damina ta faɗi, gero ya kai gwiwa, sannan ya fara fita gona, ya nome kunya biyu ya zauna. Bai koma Asumane na da ba. Ba ya dariya da ƙarfi, kuma ba ya maganar Abijan. Shekara goma sha ɗaya na aikinsa suna hannun wani. Amma yana ci, yana sallah a masallaci, ya ɗauki ƴarsa ƙarama ya sa a wuya ranar kasuwa.

Duk wannan lokacin ina yi masa hidima don kada in yi masa magana. Ina kai shi asibiti, ina karɓo magani, ina noma rabonsa, mutane na cewa Shaibu ɗan'uwa ne na gari. Na gaya wa Inna gaskiyar kasken da ta Alhaji, amma nawa na rage shi. Na aika wa Ajuwa saƙon murya na ba ta haƙuri ita da likitar, ta amsa da cewa sun ji, ya jikin Asumane. Wannan bai yi mini wuya ba, don suna nesa.

Ranar da na yi magana muna maimai ne a gonar tudu, da hantsi. Mun zauna a inuwar gawo, matarsa ta aiko da fura. Ya sha ya miƙo mini ƙwaryar. Na riƙe ta ban sha ba.

"Sha mana," ya ce.

Na ajiye ta a ƙasa, na gyara zama na fuskance shi, na durƙusa kamar yadda ake yi wa uba.

"Yaya, akwai abin da ban hwaɗa maka ba, ban hwaɗa ma kowa ba. Bayan na hidda ka daga asibitin, likitar ta kira salularka. Tana hannuna. Ta ce ta yahe min ihun da niy yi, in maido ka ko don ƙwayar kaɗai, tsayar da ita haka na da haɗari. Na ce mata ka tahi gida Nijar, alhali kana kwance gabana kana amai. Na share lambarta. Na ji ka sarai da kac ce kana jin sauƙi, ban kurumce ba. Alhaji ya yi min alkawarin rumfarka, ni kau na so ta. Shi ya sa na yarda da shi da sauri. Ba jahilci kaɗai na ba, Yaya, da kwaɗai ciki. Kai ka ciyar da ni, kai ka sai min littahin lakwal ɗin da niy yi maka illa da shi. Ban ce ka amsa min yau ba. Na cuce ka, na san na cuce ka. Don Allah ka yahe min."